Mai Dawo da Gyatuma Gida

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, daidai da sha biyu ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran kawuna, Malam Maharazu Issahaku, a wani asibiti da ke gabashin Landan, bayan 'yan watanni yana fama da ciwon zuciya. Ya bar matarsa Hajiya Hamdatu, da 'ya'ya biyu, Affan da Zarah, da wani tsohon jirgi marar inji a cikin tirela a bayan gari. A kan gado ya cika, abin da dangi kaf, daga Zariya har unguwarmu ta Barking, suka shekara talatin suna rantsuwa ba zai faru ba.

Kawu, dole in ɗan yi bayani, domin har yau akwai 'yan uwa a gida da suka ɗauka matuƙin jirgin fasinja ne kai, kuma ba ka taɓa gyara musu ba. Aikinka injiniyan magudanun ruwa ne a council, wato ƙaramar hukuma. Litinin zuwa Juma'a kana leƙen ƙarƙashin ƙasa, Asabar da Lahadi kana sama. Jirgin naka siriri ne, mai dogayen fukafukai da kujera ɗaya. Wani ƙaramin jirgi mai inji ne ke jan sa da igiya ya kai shi sama ya saki. Daga nan kuma sai abin da matuƙi ya nemo wa kansa. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi, matuƙi ya shiga cikinta ya yi ta kewayawa kamar shirwa har ya yi sama, sannan ya miƙe yana gangarowa a hankali har ya samu wata. Kai tsani kake ce wa wannan iskar. A wajen gasa akan zana hanya ta ɗaruruwan kilomita, ta bi ta kan wasu garuruwa ta dawo filin da aka tashi, wanda ya fi sauri ya ci. Wanda tsani ya ƙare masa a hanya sai ya sauka a gonar wani, ya jira a zo da tirela a kwance fukafukan a kwaso shi.

Ni ce mai zuwa kwasowar. Da na zo karatu ƙasar nan, kai da Hajiya kuka ba ni ƙaramin ɗakin sama, kuka riƙe ni yadda kuka riƙe Zarah, har da faɗan. Na ɗauka alheri ne zalla. Alherin ne kuwa, sai dai kafin in gama shekarar farko na iya yin baya-baya da tirela mai tsawon motar bas a kan hanyar ƙauye, abin da bai cikin manhajar jami'a.

A can na san halinka. Kullum akwai ƙunshin dabino a aljihun kujerarka, ba naka ba, na manomin da za ka sauka a gonarsa ne. Kana fitowa daga jirgi sai ka nemi gidan mai gona, ka ba shi haƙuri kafin ka roƙi komai. Na taɓa isowa ina fargabar an kira maka 'yan sanda, na tarar ka idar da la'asar a gefen gona, kana zaune a kicin ɗin mutumin da kofin shayi, kana zana masa yadda zai raba gonarsa da ruwan da ke kwanciya a kusurwar kudu. Ka koma wajensa sau biyu da mota, don ka ga ko shawarar ta yi. Dattijon nan ya zo jana'izarka da kwat ɗinsa na coci, ya tsaya can baya, bai san kowa ba.

Amma ba zan yi maka ƙarya a ta'aziyya ba. Akwai abu guda da ba ka yi haƙuri a kansa ba, wato Dokta Ephraim.

Likitan ido ne a unguwar Plumstead da ke ƙetaren kogi, mutumin Jos, kuma ku biyu ne kaɗai masu jin Hausa a kulob ɗinku na matuƙan irin wannan jirgi. Har sai da aka roƙe ku da ku daina zolayar juna a rediyon jirgi, don sauran matuƙa suna zaton wani abu ne ya lalace. Gardamarku ɗaya ce tun kafin in zo: me ke cin gasa, jirgi ko matuƙi?

Jirginka an ƙera shi a Jamus tun kana makarantar sakandare. Fukafukansa masu kauri ne, fentinsa ya koma kalar haƙorin mai cin goro. Yana hawa ko a raunannen tsani, amma da ka duƙar da hancinsa don neman gudu sai ya yi ƙasa kamar buhun siminti. Dokta ya raɗa masa Gyatuma, sunan ya bi shi har kai ma ka karɓa. Nasa kuwa sabo ne fil, ya fi naka tsawon fiffike da siranta, ana ɗura masa ruwa a fukafukai ya ƙara nauyi, don ya tsaga iska tsakanin tsani da tsani ba tare da ya zubar da tsayi sosai ba. Kai kuma ka sa masa Amarya.

“Mallam,” in ji Dokta, “jirgi ne ke tashi. Ni da kai fasinjoji ne masu ra'ayi.”

“Likita, ko tukunya aka ɗaure a kujerar nan taka za ta dawo gida. A ba ka Gyatuma mu gani.”

Masu shirya gasa sukan yi wa tsofaffin jirage rangwamen maki, don haka sau da yawa sunanka kan hau saman nasa a allo. Ba ka taɓa yin murna da hakan ba. Sadaka kake ce masa. Abin da kake so shi ne sau ɗaya tak ka riga shi a agogo, babu rangwame, kuma ka ji da kunnenka ya ce hannu ne, ba jirgi ba. Na taɓa yi muku tayin in tattara sakamakon shekaru in yi muku lissafi, tunda abin da nake koyarwa ke nan yanzu. Kuka dube ni da tausayi iri ɗaya. Ban sake ganin bakinku ya zo ɗaya ba sai a watan Agustan bara, da kuka yarda ku yi musayar jirage a gasar rufe kaka ta kulob.

Ranar ta fara da kyau, da fararen gizagizai a jere, irin waɗanda ke nuna wa matuƙi inda tsani yake. Bayan azahar wani siririn gajimare ya shigo daga yamma ya dusashe rana, tsani ya yi rauni. Sai kowannenku ya tuƙa jirgin ɗan uwansa da hannun da nasa jirgin ya koya masa.

Kai ba ka yarda da nauyi ba, don haka tun da wuri ka zubar da ruwan Amarya, wanda shi ne rabin gudunta. Sannan ka riƙa tsayawa a kowane ɗan tsani da ka taras, kamar yadda Gyatuma ta saba maka, domin ita wanda ya wuce ƙaramin tsani ba ya kaiwa ga babba. Waɗanda suka wuce ka a sama sun ce ba su taɓa ganin jirgi mai wannan daraja yana kewaya kan kowane garken shanu ba. Dokta kuwa ya yi abin da ya saba. Ya raina ƙananan tsani, ya duƙar da hanci yana jiran babba a gaba. Amarya takan kai shi. Gyatuma ta kai shi gonar alkama da aka girbe.

Ka dawo fili kai ne na ƙarshe cikin waɗanda suka dawo, ana kwashe kofunan shayi. Amma ka dawo, shi bai dawo ba.

Tirela jirginta take bi, ba matuƙi ba, saboda haka ni na je kwaso Dokta, matarsa Kachollom na gefena tana dariya tun daga fili har gonar. Muka same shi zaune a inuwar fiffike yana cin dabino.

“Karimatu, tsohuwar nan ba ta jin magana.”

“Baba Likita, dabinon na mai gona ne.”

Ya dubi ƙwallayen da ke hannunsa, sannan ya ƙura wa Gyatuma ido. A lokacin na ɗauka kunyar dabinon ce.

Kafin mu iso fili ya farfaɗo. Ya fito daga mota da hannu a buɗe, a gaban kowa, ya ce, “Mallam, barka! Ka gani? Na ba ka jirgin kirki rana ɗaya, ka ci ni. Me na daɗe ina faɗa maka?”

Kawu, ban taɓa ganin wanda ya yi nasara fuskarsa ta koma haka ba. Abin da ka shekara da shekaru kana nema ya zo hannunka, ya kuma zo a matsayin hujjar abokin gardamarka. Muka kamo hanya har Barking. Sai da na kashe mota ka ce, “Wannan ba ya cikin lissafi. Baɗi kowa ya shiga nasa.”

Ni da nake ƙasa ina kallo, abin da na gani shi ne ƙirar jirgi ce ke yanke iyakar abin da zai yiwu, ita ce kuma ke horar da hannun mai tuƙa shi, har ya ɗauka dabi'ar jirginsa ita ce hikima. Ban faɗa muku ba. Kun riga kun nuna mini matsayin ra'ayina.

A watan Oktoba aka gano ciwon, likitoci suka hana ka tashi. Ka karɓi hukuncin ba tare da ƙorafi ba, abin da ya tsorata Hajiya fiye da ciwon. Duk da haka ba ka daina zuwa fili ba. Kana goge wa mutane fukafukai, kana riƙe wa masu koyo bakin fiffike kafin a ja su, kana kallon sama kana gaya wa wanda ke kusa inda da kai ne za ka nufa. Da aka kwantar da kai, Dokta ya riƙa tsallako kogi daga Plumstead bayan ya tashi aiki, ya zauna a bakin gadonka ku ɗora daga inda kuka tsaya, har wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko rigimar gado ce. Wata rana ina wurin ya yi gyaran murya, ya fara da “Mallam, gaskiya dai...” Ka ɗaga hannun da ke da allurar ƙarin ruwa ka tsayar da shi.

“Kada ka kuskura ka ba ni gaskiya don ina kwance. Na gaya maka ba na karɓar sadaka.”

Ya haɗiye maganarsa. Ya ce ai dama cewa zai yi Gyatuma ta dace da gidan tarihi. Ka yi dariyar da ta sa na'urar da ke gefenka ta yi ƙara.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, maganar jirgin ta taso. Affan, wanda Hausa ake yi masa yana amsawa da Turanci, ya ce a bai wa kulob su san yadda za su yi da shi, tunda babu mai tuƙawa a gidan. Dokta yana zaune a ƙasa kan kafet, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo. Ya juya wajen Hajiya.

“Hajiya, ina roƙon alfarma. Kada a fitar da Gyatuma. Ni zan tuƙa ta bana.”

“To, Amaryar fa, Likita?”

“Amarya kowa zai iya dawo da ita gida, Mallam ya faɗa. Ni na shiga tsohuwar nan rana ɗaya, ko rabin hanya ban kai ta ba. Shi kuwa shekara nawa yana kai ta inda muke kai namu, ya dawo da ita. Har yanzu ban gane yadda yake yi ba. Tun ina zaune a gonar nan na san hannunsa ya fi nawa.”

Hajiya ta dube shi ta saman gilashinta. “Ai da ka faɗa masa tun a filin, da duk mun huta.”

“A filin girman kai ya hana ni. A asibiti shi ya hana ni.” Ya share fuska da tafin hannu. “Yanzu dai ba zai ce don yana kwance ba ne.”

To, Kawu, ga shi an faɗa, a falonka, a gaban shaidu, babu rangwame. Na rubuta shi a nan don 'yan Zariya su sani, ko da har yanzu ba su gane wane irin jirgi ake magana ba. Hajiya ta ba shi makullin tirelar. Ni zan ja ta, kamar kullum. Na sayi dabino ƙunshi biyu, ɗaya na mai gona, ɗaya na Dokta, domin ina sa ran bana za mu san gonaki da yawa.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu Maharazu. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi. Alherin da ka yi wa na gida da baƙo, da wanda ka sani da wanda ka faɗo masa daga sama, Allah Ya sa ka tarar da shi a mizani, Ya sa Aljannar Firdausi ce masaukinka na ƙarshe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hamdatu, da Affan da Zarah, da mahaifiyata Hajiya Fausia wadda ta rasa yayanta, da dukan dangi a Zariya da nan Landan. Ina kuma miƙa ta ga Dokta Ephraim da Kachollom, domin su ma gidansu aka yi rashin. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.

Karimatu Nashiru
Barking, Landan