Bencin da Na Ƙera wa Aji Shida

Shekarar da iska ta yaye kwanon ajin 'yata a firamaren gwamnati ta unguwarmu, Badarawa, ruwa ya ruɓar da kujerun. Aka mayar da yaran ɗaya daga cikin azuzuwa ukun da rufinsu ya tsira. Ni kafinta ne, sai na ƙera benci goma sha biyu, na shafa musu ragowar shuɗin fentin ƙofar gidanmu, na kai kyauta. Yarinyar tana aji shida, saura wata huɗu jarrabawar shiga sakandare.

Ana nan aka kira taron iyaye. Shugaban kwamitinmu babban ma'aikaci ne, ya daɗe da komawa Unguwar Rimi ta masu hali, ya kwashe 'ya'yansa zuwa makarantar kuɗi, amma kujerar shugabanci ya ƙi saki. Ya miƙe yana gyara babbar riga, ya ce gwamnati ta gaji, gara a ba wata hajiya azuzuwa ukun da ke da rufi ta buɗe makarantar kuɗi, ita kuma ta rufa mana sauran.

Wani tela ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ta rufa, yaranmu su zauna ina?"

Shugaba ya ce, "Malam, ilimi ba a gini yake ba. Mu a gindin bishiya muka yi."

Na ga ana shirin ba kura ajiyar nama, na ɗaga hannu. Ya gan ni sarai, sai ya juya wajen wani dattijo ya ce, "Baba, a yi mana addu'a." Wa zai katse addu'a? Kowa kuma ya san in an shafa fatiha magana ta ƙare. Hannun da na ɗaga don gardama na sauke, na haɗa da ɗayan, na ce amin. Har yau in na tuna amin ɗin nan ƙyamar kaina nake ji.

Hajiya, ashe ƙanwar matarsa ce. Ta ja katanga, ta sa maigadi, rufi kuwa shiru. A gindin mangwaro 'yata ta ƙarasa aji shida, kuma ba ta ci jarrabawar ba.

Wata rana kafin jarrabawar, da ruwa ya kore su daga gindin mangwaron na je ɗaukarta, muka bi ta bayan tagar hajiya. Yara masu farar safa na zaune reras a kan shuɗin benci. 'Yata ta tsaya, littafinta sharkaf a hannu.

"Baba, wannan ba fentin ƙofarmu ba ne?"

Na ja hannunta, na ce mata fenti ne ya yi kama.