Ina Ne Ya Karye?

Lokacin da na tafi London karatun injiniya, kuɗin man fetur ya fara yi wa ƙasarmu ambaliya. Mu 'yan sikolashif tafiya muke kamar ƙasa ba za ta ɗauke mu ba. Na kama ɗaki a Lewisham, a gidan wata tsohuwar Baturiya da ta doshi tamanin. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce ɗana. Ɗanta na cikinta guda ɗaya ne, sojan sama, kuma tun Yaƙin Duniya na Biyu jirginsu ya tashi bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari, sai takardar da ta ce ya ɓace.

Duk Lahadi takan dafa shayi ta kira ni kicin, ta ɗauko labarinsa. Yadda ya tsani kabeji, yadda ya faɗo daga bishiyar tuffa yana yaro har ya karye, yadda yake fito in yana aski. Ni dai gyaɗa kai nake, hankalina yana kan motar da nake son saya in aika gida. Abin da ya fi muni, in mun taru da abokai a Old Kent Road har muryarta nake kwaikwaya, a yi ta dariya.

A shekarata ta uku ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ta miƙe, amma abubuwa suka fara kuɓuce mata. Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga rundunar sojan sama: masu haƙa a wata gona a Holland sun tono tarkacen jirgin yaƙi, da ƙasusuwan mutane a ciki.

Wata safiya wani hafsa ya zo, dattijo mai sanyin murya. Mama ta ce in zauna kusa da ita. Ya yi bayanin cewa lambar injin ta tabbatar jirginsu ne, amma ƙasusuwan na mutum biyu ne, ana so a bambance kowa da sunansa.

"Ko ɗanki ya taɓa karaya?" ya tambaye ta.

Fuskarta ta washe. "Ya faɗo daga bishiya! Ni na kai shi asibiti, yana..." Sai maganar ta tsinke. Ta duba hannuwanta, ta duba hafsan, sannan ta juyo gare ni. "Ɗana, ai na sha gaya maka. Ina ne ya karye?"

Na ji labarin nan sau ba adadi. Na laluba kaina, wayam. Su biyu suna kallona, ita da cikakkiyar yarda. Maimakon in ce ban riƙe ba, sai na ji bakina ya ce, "Hannun hagu."

Hafsan ya rubuta. Mama ta dafa gwiwata.

Kwana uku abinci ba ya wuce mini. Na yi ta tunanin kada a ɗora sunan ɗanta a kan kabarin ɗan wata, duk saboda na ji nauyin a gane ba na sauraro. Ko a salla abin ba ya sakina. A rana ta huɗu na shiga akwatin tarho na bakin titi, na kira lambar da ke jikin wasiƙar.

"Yallaɓai, ni ne ɗalibin da ke gidan tsohuwar nan. Maganar hannun hagu, kintace na yi. Ban sani ba."

"Na yi zargin haka," in ji hafsan. "Babu mai karayar hannu cikinsu. Ɗaya yana da tsohuwar karaya a ƙaurin dama, kuma haƙoransa sun dace da takardun ɗanta. Shi ne. Na gode da ka kira."

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A can Holland aka binne shi, a maƙabartar sojoji. Likita ya hana Mama tafiya, sai hoton kabarin aka aiko. Ranar da ya iso, ta tara maƙwabta a falo, hoton yana zagayawa hannu hannu. Sai ta kamo hannun rigata ta ce musu, "Wannan ne ya tuna. Ba don shi ba, da ba a gane yarona ba."

Wata mata ta share hawaye, wani tsoho ya tashi ya ba ni hannu. Na buɗe baki, na dubi fuskar Mama, na rufe. Har yau ban san ko tausayinta ne ya hana ni ba, ko tsoron faɗuwar girmana. Ta rasu kafin in gama karatu, ban gaya mata ba.