Furen Badon Fadamar Zauro

Shekarar da aka samu 'yancin kai, Inna na da cikin ƙanena, ba ta son komai sai saiwar bado. Ni da kakata muke tono mata a fadamar Zauro. Kafin kaka ta sa hannu, sai ta yi wa ruwan sallama, wai badon na aljanun ruwa ne, su ke rufe furensa da hantsi.

Na ƙi yarda. Na tsinko fure ɗaya, na sa a ƙwarya a gida, na tsare shi da ido. Hantsi na yi, ya rufe abinsa.

Na ruga na faɗa wa kaka. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ai kin kawo muna su gida. Tafi ki yi musu sallama."