Isnadin Tukunyar Kanar

Maƙwabcina Malam Maharazu na unguwar Levenshulme, ko cewa ka yi ana ruwa a Stockport Road, sai ya tambaye ka daga wa ka ji. Hadisi ya karanta a Zariya, amma neman abinci ya kai shi wani ƙaramin gidan kayan tarihi a Manchester. Aikinsa rubuta kundin tukwanen tagulla na ƙasar Sin, waɗanda ake zuba wa kakanni abinci a ciki shekara dubu uku da suka wuce.

Kowace tukunya sai ya yi mata isnadi irin na hadisi: wane ya saya daga wane, shi kuma daga wane. Ashirin da shida suka haye lafiya. Ta ƙarshe, wata koriya mai ƙafa uku, ta cije a kan wani Kanar na sojan Ingila, ba a san daga hannun wa ya karɓa ba.

Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana ta sallamar ma'aikata. Shugabarsa Clara ta faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa gudummawar dangin Kanar ce ke riƙe da kujerarsa, ya rubuta "kyauta aka ba shi" a wuce wurin.

Matarsa Ramatu ta ce, "Malam, kar ka yi wasa da job ɗin nan. Tukunyar kitchen ɗina ce ke jiranka, ba ta China ba."

Ina! Sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, wurin jikar Kanar, wata tsohuwa Margaret a unguwar Perry Barr. Ta ba shi shayi, ya yi tambayarsa. Ta yi dariya har da tari, ta ce kakanta bai taɓa sayen komai ba a rayuwarsa, daga wani ɗakin bauta a Sin ya naɗo tukunyar a bargo.

Ya dawo ya rubuta: "Kanar ɗaukowa ya yi, ba da izini ba. Jikarsa ce ta shaida mini, kuma amintacciya ce."

Sauran dangi suka janye hannu, aka sallami Malam. Wallahi na ji haushinsa, na kuma tausaya wa Ramatu.

Bayan wata biyar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da kayan gadin wani kanti a jikinsa, kundin a hammata, bakinsa har kunne. An buga maganarsa yadda take, domin mai tace rubuce-rubucen gidan tarihin an riga an sallame shi tun kafin Malam.