Ƙeyar Da Ta Je Masar

Fitata ƙasar waje ta farko da mijin yayata na yi ta, wani dillalin shanu da ke cin kasuwar Batsari. Tun kafin damina ta faɗi nake tsara tafiyar: Alƙahira, sai Istanbul, mu ƙare a Dubai. Shi kuwa duk shirinsa bai wuce akwatin huluna ba.

Da muka isa gaban dalar duwatsun Fir'auna, ni na tsaya baki buɗe. Alhaji ko kallo ɗaya bai yi mata ba. Ya juya mata baya, ya karkata hula, ya miƙo mini waya.

"Ɗauke ni, ƙanena. Ka tabbata agogon ya fito."

A Istanbul muka shiga wani tsohon masallaci, rufinsa kamar sama ce ta sauko. Na ce, "Yaya, ɗaga kai ka sha kallo." Wai hularsa za ta faɗi. A Dubai ma haka: ya ba teku baya, sabuwar hula, haƙora waje. Ashe ɗaukar hoto ya kai ni.

Yanzu kullum bayan la'asar yana kan benci a bakin kasuwa, yana ba mutanen Zakka da Tsaskiya labarin duniya, har da gyaran murya. Rannan wani dattijo ya tambaye shi launin dalar, sai ya yi tsuru-tsuru yana nemana da ido.

Na ce, "Baba, ku tambayi ƙeyarsa. Ita ce ta je Masar."