Koren Dutsen da Kakana Ya Saya a Head Bridge

Jiya wani mai wasa wuƙa ya zauna a ƙofar gidana, yana goga ƙarfe a kan dutse yana yayyafa ruwa. Ƙarar nan ta mai da ni tsakar gidanmu na haya a Onitsha, inda kakana ke zama da hantsi, ƙwaryar ruwa a gefensa, yana goge duwatsunsa.

Kada ka ɗauka sana'a ce. Albasa ya sayar shekara da shekaru, da ya tsufa ya bar wa babana rumfar. Duwatsun nan sha'awa ce kawai. Yakan sayi ɗanyen dutse mai launi, ya rage shi da dutsen washi, ya bi shi da samfefa, ya ƙarasa da tsohuwar fata har ya yi sheƙi, sannan maƙerin azurfa ya ɗora masa shi a zobe. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, rabarwa yake yi. Maƙwabciyarmu Inyamura takan leƙo ta ce, "Baba, na stone you go chop?" Wato, ko dutse zai ci. Sai ya yi dariya ya ci gaba da gugarsa.

Idan manyan motocin dankali suka iso daga Filato, mukan hau okada mu nufi kasuwar Head Bridge, ni a tsakiya. Direbobin sun san shi, sukan zo masa da duwatsu a ƙulle cikin tsumma. Gaisuwa kaɗai takan ci rabin sa'a, a tambayi hanya, a tambayi damina, a tambayi iyali. Sannan a kwance ƙulli. Yakan lasa dutse don launinsa ya fito, ya ɗaga shi saitin rana. Shi ya koya mini cewa idan na ga ɗan ɗigon iska zagayayye a ciki, to kwalba ce aka fasa, ba daga ƙasa aka haƙo ba.

Wata damina, ina shekara goma, wani baƙon direba ya miƙo masa kore shar, kamar ganyen alayyafo bayan ruwa. Kaka ya lasa, ya ɗaga, ya yi kabbara. Ni ina tsaye a ƙarƙashin hannunsa, na ga ɗigon iskar ƙuru-ƙuru. Na jira ya gani. Bai gani ba. A ranar na fahimci yanar da ke idonsa ta yi nisa.

A gida babu irin tsiyar da ba na yi masa. Yana ce mini amarya, ina ce masa tsohon ango mara haƙori. Amma a kasuwa, gaban manya, yarinya ta ce wa dattijo bai ga daidai ba? Ya biya, muka dawo.

Mako uku yana gugar abin nan, yana ta yabon laushinsa. Ni kuwa abinci ma ba ya mini daɗi. Na san inda za a ƙare: rumfar maƙerin azurfa, inda tsofaffin unguwa ke taruwa bayan la'asar, maƙerin kuma bakinsa ba shi da linzami. Shekara talatin ana kawo wa kakana dutse ya duba. Da kallo ɗaya mutumin nan zai mai da shi abin dariya.

Ranar da ya sa babbar rigarsa zai tafi, na tare shi a bakin ƙofa.

"Kaka, kada ka kai shi. Akwai iska a ciki."

Ya tsaya. Ya fito da shi, ya ɗaga, ya juya, ya sake juyawa, ya kawo shi har kusa da hancinsa.

"Yaushe kika gani?"

"Tun a kasuwa."

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya zauna a kan turmi. Tausayinsa ya kama ni har na fashe da kuka.

"Share hawayenki, amarya," ya ce. "Da na ji a bakin maƙeri gara na ji a naki."

Ban zaci zai sake komawa Head Bridge ba, amma motoci na isowa ya kira okada. Aka gaisa, aka kwance ƙulli, direban da suka fi sabawa ya miƙo masa wani ja. Kakana bai karɓa ba. A gaban kowa ya dafa kaina.

"Ku ba ta. Ni yanzu hannu ne kawai, ita ce idon."

Yau ni ma ina yanka duwatsu a ƙarshen mako, da ɗan injina mai lantarki. A waya ake turo mini hotuna, in zaɓa, a aiko a mota. Ba gaisuwa, ba wanda zai ga kuskurena sai ni. Ya fi sauƙi, ban musa ba. Amma ban jima da fara sa tabarau ba, kuma har yanzu ban iya faɗa wa kowa cewa ƙananan abubuwa sun fara ɓace mini ba. Sai yanzu na san nauyin maganar da tsohon nan ya faɗa a tsakiyar kasuwa, da muryarsa ta kullum.