Ɓargon Sani a Jikin Hadiza

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da aka sauke Hadiza daga amalanke a ƙofar likitarmu, wato asibitinmu na Korgom, ba. Lokacin ni ce majo, wato shugabar masu jinya.

Hadiza mai sikila ce. Kawunta na Tasawa ya kai ta ƙasar waje aka yi mata dashen ɓargo, yayanta Sani ne ya bayar. Ku sabbin shiga ku gane: sabon ɓargo da dakarunsa na kare jiki yake zuwa, kuma bai san jikin da aka sa shi ba. In ba a danne shi da magani safe da yamma har su saba ba, sai ya far wa mai jikin. Aikina in duba ta duk sati, in aika rahoto Yamai.

Wata uku lafiya lau. Sai ta zo da ƙuraje a tafin hannu. Na ce zafi ne, na ba ta man shafawa. Ni da shekaruna a aiki, wallahi ko tambayar maganin ban yi ba.

Ranar amalanken idonta ya yi ɗorawa, fata na saɓulewa, zawo ba tsayawa. Na ja uwarta gefe.

"Inna, ina maganin?"

"Na hana ta, majo. Gashi ya fito mata a haɓa, mata na dariya a rijiya. Kuma ciki ɗaya, nono ɗaya suka sha da Sani. Mi zai sa jininsa ya cuce ta?"

Na kira likitan Yamai, ya ce a kawo ta maza, amma daga muryarsa na gane. Kwana tara ta yi can ta rasu.

Bayan sadakar bakwai Sani ya zo, ya tsaya bakin taga bai zauna ba.

"Majo, ki gaya mini gaskiya. Abin da na ba ta ne ya kashe ta?"

Na ce a'a, ajali ne. Ya juya ya tafi.

Abin da na koya, mutanenmu ba sa ƙin magani don wauta, suna da dalilinsu, kuma ba za su faɗa ba sai an zauna an tambaya. Ni ban tambaya ba, kuma abin na cina har yau. Sani kuwa, da matarsa ta zubar da jini wajen haihuwa bara, muka nemi ya ba ta nasa jinin, cewa ya yi a nemi wani.